Babi na Biyar: To, Ba Ga Bidiyo Ba?

Idan babu dodo a cikin tafkin, to mene ne wannan da muke gani a bidiyo?

Wani ƙanena ne ya jefo mini wannan tambaya, wani dare muna zaune a teburin mai shayi. Ya turo mini wayarsa har tana bugun kofina. Bidiyo ne da bai kai daƙiƙa 20 ba, an sa shi a wani zauren WhatsApp, an rubuta a samansa wai an kama dodon Loch Ness ƙiri-ƙiri. Ruwa ne mai launin toka, hoton sai rawa yake yi, can tsakiya ga wani baƙin abu yana tafe yana jan layi a bayansa. Kafin ka gama zura ido, ya ƙare.

"Yaya, kai kullum sai ka ce tatsuniya ce. To yau ga shi nan. Gani ya kori ji."

Na ce, "Yaya girmansa yake?"

"Ƙato ne."

"Ya kai saniya?"

"Haba Yaya, wace saniya? Ai ya fi motar bas."

"Da me ka auna?"

Ya sake kunnawa, ya kuma sakewa. Babu kwale-kwale a cikin hoton, babu gaɓa, babu bishiya, babu mutum. Ruwa ne kawai da baƙin abu. Mai shayin, da ya leƙo ta kafaɗarsa, ya ce shi dai wallahi agwagwa ya gani.

Karin maganar da ƙanena ya kawo gaskiya ce, sai dai ba nan ne muhallinta ba. Shi bai ga tafki ba, fuskar waya ya gani. Wani ne da bai sani ba ya zaɓa masa inda zai kalla, ya zaɓi inda za a fara da inda za a yanke, sannan ya rubuta masa sunan abin a sama tun kafin ya danna. Bidiyo irin wannan ji ne da ya ari rigar gani. Yana iya zama gaskiya, kamar yadda labari ke iya zama gaskiya, amma sai an yi masa tambayoyin da ake yi wa labari.

Tafkin da dodonsa

Loch Ness yana arewacin Skotlan, a Birtaniya, kusa da birnin Inverness. Kalmar loch a harshen mutanen Skotlan tafki take nufi. Siriri ne dogo, tsawonsa ya kai kilomita 36, zurfinsa a wani wuri ya kai mita 230. Ruwansa sanyi ƙarara rani da damina, kuma duhu ne da shi kamar baƙin shayi, saboda ruɓaɓɓen ciyayi da ruwan sama ke wankowa daga tsaunuka. Mai ninƙaya in ya nutsa 'yan mitoci kaɗan, da ƙyar yake ganin tafin hannunsa. Duk wanda ya tsaya a bakin irin wannan ruwa, ba sai an gaya masa zai iya ɓoye wani abu ba.

Akwai tsohon labari na wani malamin Kirista, Columba, da aka ce ya kori wata dabba a kogin Ness a ƙarni na 6. Amma dodon da duniya ta sani, wanda suke wa laƙabi da Nesi, a 1933 aka haife shi. A shekarar aka gyara hanyar mota da ke bin gefen tafkin, aka sare itatuwa, matafiya suka samu damar kallon ruwan tun daga cikin mota. A watan Mayu jaridar Inverness Courier ta buga labarin wata mata da mijinta da suka ce sun ga wani ƙaton abu yana birgima a ruwa. A watan Yuli wani baƙo daga Landan, George Spicer, ya ce wata dabba mai dogon wuya ta tsallaka hanya a gaban motarsa. A shekarar ce kuma fim ɗin King Kong ya fito, kuma a cikinsa akwai wata dabbar zamanin da mai dogon wuya da ke tasowa daga ruwa. Ba na cewa fim ɗin ne ya haifi dodon. Ina dai lura cewa siffar ta riga ta shiga kawunan mutane a daidai lokacin da suka fara ganinta.

Hoton likita

Kafin mu kai ga bidiyo, sai mun bi ta kan wani hoto, domin duk dabarar da ke cikin bidiyoyin yau tana cikinsa.

A ƙarshen 1933 jaridar Daily Mail ta ɗauki wani maharbin manyan namun daji, Marmaduke Wetherell, ta tura shi ya nemo dodon. Cikin 'yan kwanaki ya ce ya ga sawu a bakin ruwa. Aka kwafi sawun aka kai gidan adana tarihin halittu na Landan. Masana suka duba, suka ce sawun dorina ne, kuma ƙafa ɗaya ce tak aka yi ta dangwalawa, busasshiyar ƙafa irin wadda Turawa ke mayarwa kayan ado a gida. Dorina a Skotlan! Wetherell ya sha dariya, jaridar da ta aike shi ta juya masa baya.

A watan Afrilu na 1934 wannan jarida dai ta buga hoton da ya zama tambarin Nesi har gobe: siririn wuya da ɗan ƙaramin kai sun taso daga ruwa, ruwan ya yi zobe-zobe a kewaye. An ce wani likita ne daga Landan, Robert Kenneth Wilson, ya ɗauka. Shi bai so a riƙa kiran sunansa ba, sai aka riƙa cewa hoton likita. Wannan laƙabi ya yi wa hoton aiki fiye da hoton kansa. Wa zai ce likita mai mutunci ya yi ƙarya?

Shekara 60 hoton yana yawo a littattafai. Sai a 1994 wasu masu bincike biyu, David Martin da Alastair Boyd, suka bayyana abin da wani tsoho, Christian Spurling, ya gaya musu gab da rasuwarsa. Spurling agolan Wetherell ne, kuma gwani ne wajen ƙera mutum-mutumi. Ya ce jirgin ƙarƙashin ruwa ne na wasan yara aka sayo a kanti, shi ya ƙera wuya da kai ya ɗora a kai. Duka-duka abin bai wuce kamu ɗaya ba. Wetherell da ɗansa suka kai shi wani lungu mara zurfi suka ɗauki hoto, aka bi ta hannun wani aboki aka miƙa wa likitan domin ya zama fuskar labarin. Ramuwa ce maharbin ya yi wa jaridar da ta kunyata shi.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne almakashi. Hoton da duniya ta sani yankakke ne. Cikakkensa yana nan, kuma a cikinsa ana ganin gaɓar tsallake da faɗin ruwa, abin kuwa ɗan ɗigo ne a tsakiya. Da aka datse gefe-gefe aka bar wuyan shi kaɗai, sai ido ya rasa ma'auni, ya ɗauki 'yan ƙananan zobban ruwa a matsayin manyan igiyoyi. Ɗauki hoton ƙadangare a kan yashi ta yadda babu komai a kusa da shi, ka gaya wa yaro kada ne, zai yarda. Bidiyon ƙanena ma haka yake, sai dai shi ba a buƙaci almakashi ba, zuƙowa ta wadatar.

Mai gaskiya ma yakan yi kuskure

Kada mai karatu ya ɗauka duk mai bidiyon dodo maƙaryaci ne. Mafi yawansu ba haka suke ba, kuma wannan ne ya sa lamarin ya fi wuya.

Tim Dinsdale injiniyan jiragen sama ne. A watan Afrilu na 1960 ya je Loch Ness da kyamarar fim, ya yi kwanaki yana gadi. A ranarsa ta ƙarshe, daga kan wani tudu, ya hango wani abu mai kama da tozo can nesa, fiye da kilomita guda. Ya ɗauke shi yana ratsa tafkin, yana barin sawu a ruwa, sannan ya karkata ya bi gefen gaɓar tsallake. BBC ta nuna fim ɗin. A 1966 sashen nazarin hotuna na rundunar sojin saman Birtaniya ya duba shi, ya ce mai yiwuwa abu ne mai rai. Dinsdale ya bar sana'arsa, ya ƙarar da sauran rayuwarsa yana neman ya sake ganin abin, har ya rasu a 1987. Babu wanda ya san shi da ya taɓa zargin sa da ƙarya.

Daga baya wasu masu bincike, ciki har da Adrian Shine wanda ya shafe shekaru da dama yana nazarin tafkin, suka sake bin fim ɗin hoto bayan hoto. Abin da suka gano shi ne ƙaramin jirgin masunta mai inji: saurinsa na jirgi ne, hanyar da ya bi ta jirgi ce, har akwai wani ɗan haske-haske a daidai inda matuƙi ke zama a baya. Masoya Dinsdale har yau ba su yarda ba. Amma ka lura da abin da ake jayayya a kai: ɗigo ne da bai kai ƙwayar gero ba a kan fim baƙi da fari.

Na taɓa ganin irin wannan da idona, a bakin wani dam, da sanyin safiya lokacin hunturu. Hazo ya kwanta a kan ruwa. Can nesa na hango wani abu mai ƙaton doro da ɗan kai a gaba, yana tafiya a hankali ba tare da ƙara ba, wani lokaci kan ya sunkuya ya ɓace, ya sake ɗagowa. Gabana ya faɗi. Na yi minti biyu ko uku ina kallo kafin ya matso, sai ga masunci kwance rub da ciki a kan gorarsa, yana tuƙi da hannu yana duba koma. Ni da na taso ina ganin masunta a kan gora, sai da idona ya yaudare ni. Da na ɗauki daƙiƙa 15 na farko kawai na tura wa mutane, ban yi ƙarya ko ɗaya ba, kuma da an samu dodon dam.

Ruwa ma yana da nasa wasan

Loch Ness hanyar jirage ce, domin mashigin Caledonia da aka buɗe a 1822 ta cikinsa ya ratsa. Jirgi in ya wuce, yakan bar igiyoyi biyu da ke buɗewa a bayansa kamar bakin almakashi. Da yake tafkin siriri ne kuma gaɓoɓinsa a tsaye suke, igiyoyin kan daki gaɓa su dawo su haɗu a tsakiya. Lokacin da za su haɗu, jirgin ya daɗe da ɓacewa. Wanda ya iso a wannan lokaci zai ga ruwa lumui, sai jerin baƙaƙen tozaye uku ko huɗu suna tafiya a layi. Ba dabba ba ce, ba ma wani abu ba ne da za a iya kamawa. Ruwa ne ke hawa kan ruwa.

Sai gungumen itace da ya jiƙa ya nutse rabi, reshe ɗaya a sama kamar wuya. A dogon tafki mai sanyi irin wannan, ruwan ƙasa yakan yi nasa motsi daban da na sama, har ya ja gungume ya sa shi tafiya yana fuskantar iska. Mai kallo zai ce, to itace ne zai yi gaba da iska? Sai tsuntsayen ruwa da ke gudu a kan ruwa kafin su tashi, da karen ruwa da iyalinsa suna iyo a jere, ɗaya na nutsewa ɗaya na tasowa, da barewa mai tsallaka tafki kai kawai a waje. Akwai kuma kawalwalniya. Yadda kwalta ke nuna maka ruwa a gaba da tsakar rana a hanyar Agadas, haka iska mai ɗumi in ta kwanta a kan ruwa mai sanyi take lanƙwasa haske, ta miƙar da ɗan ƙaramin abu ya yi tsawo. Kyamara ba ta tsira daga wannan ba, abin da haske ya kawo mata shi take ɗauka.

Sauran aikin kuwa kai ne ke ƙarasa shi. A 2003 ma'aikatan BBC suka ɓoye wani dogon katako na shinge a ƙarƙashin ruwan tafkin, suka jira motar 'yan yawon buɗe ido ta tsaya, suka ɗago shi. Da aka tambayi mutanen, yawancinsu sun ce wani abu mai kusurwa suka gani. Amma da aka ba su takarda su zana, wasu sai suka zana shi da kai irin na dodo. Katakon ba shi da kai. Sun zo da kan ne daga gida.

"Masana sun ce ba a taɓa shi ba"

Wannan jimla tana yawan rakiyar irin waɗannan bidiyoyi, kuma tana da daɗin ji. Amsa ce ta wata tambaya daban.

A tafkin Champlain, da ke tsakanin Amurka da Kanada, ana maganar wani dodo da ake kira Champ. A 2005 wasu masunta biyu suka ɗauki bidiyon wani abu a ƙarƙashin ruwa kusa da jirginsu. Gidan talabijin na ABC ya kai wa wasu tsofaffin masu nazarin hotuna na hukumar FBI su biyu. Suka ce ba su ga alamar an yi wa bidiyon kwaskwarima ba. Wannan rabin ne ya yi ta yawo. Ɗaya rabin shi ne, ɗayansu ya ƙara da cewa shi bai ga inda wata dabba ta fito fili a ciki ba. Bidiyon gaskiya ne, na wani abu da ba a san ko mene ne ba. Tsakanin "ba a san ko mene ne ba" da "dodo ne" akwai tafiya mai nisa, kuma yawanci rubutun da ke saman bidiyo ne ke yi mana ita a tsalle ɗaya.

Misalin da na fi so daga ƙasar Aislan yake. A gabashin ƙasar akwai tafkin Lagarfljót, wanda tun 1345 littattafan tarihinsu ke ambaton wani abin mamaki a cikinsa, har ya zama labarin ƙaton maciji. A watan Fabrairu na 2012 wani manomi, Hjörtur Kjerúlf, ya ɗauki bidiyo a kogin da ke zuba cikin tafkin. Wannan kam ba dishi-dishi ba ne. Ana ganin dogon abu fari-fari yana lanƙwasa hagu da dama cikin ruwa mai ƙanƙara, sak maciji mai iyo. Miliyoyin mutane suka kalla. Ni kaina da na fara ganinsa sai da tsigar jikina ta tashi.

Wata mata daga Finlan, Miisa McKeown, ta yi abin da kowa zai iya yi amma ba wanda ya yi. Ta tsayar da bidiyon a wurare daban-daban, ta kwatanta inda kan abin yake da abubuwan da ba sa motsi a bakin kogin. Sai ga shi macijin bai ci gaba ko taku ɗaya ba. Yana nan inda yake, ruwa ne ke wucewa ta jikinsa. Bayanin da ya fi dacewa shi ne tsohuwar koma ce ko wani tsumma da ya maƙale, ƙanƙara ta lulluɓe shi, ruwa na kaɗa shi. Duk wanda ya taɓa ganin zane ya maƙale a reshe cikin rafi lokacin damina ya san wannan rawar. Idonmu ne ke ɗaukar ruwan a matsayin tsayayye, sai ya ba abin tafiya, kamar yadda in motar da ke kusa da taka a tasha ta ja baya, kake jin kamar taka ce ta yi gaba.

Labarin bai ƙare nan ba. Ƙaramar hukumar yankin ta kafa kwamitin mutum 13 don ya yanke hukunci. A 2014, bakwai daga cikinsu suka kaɗa ƙuri'ar cewa bidiyon sahihi ne, aka ba manomin kyautar krona 500,000. Ƙuri'a tana zaɓen kansila. Ban taɓa jin inda ta mayar da koma maciji ba.

Kyamara ta yawaita, dodo bai fito ba

Daga 1962 zuwa 1972 wata ƙungiyar sa-kai ta kafa manyan kyamarori masu hangen nesa a kewayen Loch Ness, ana gadi bazara bayan bazara. Shekara goma, ba su samu hoto ɗaya da ya kashe bakin gardama ba. Yau kuwa kusan duk baƙon da ya tsaya a bakin tafkin yana da kyamara a aljihu wadda ta fi ta Dinsdale nesa ba kusa ba, ga kyamarorin intanet da ke kallon ruwan dare da rana, ga jirage marasa matuƙa. A watan Agusta na 2023 aka yi gangamin nema mafi girma cikin shekara 50. Hotunan dodon dai suna nan yadda suke a 1960: nesa, dishi-dishi, gajeru. Kyamara in ta ƙara ƙarfi, sai dodon ya ƙara matsawa baya, ya tsaya daidai inda ƙarfinta ya ƙare.

Kwatanta da abin da ya faru a Chelyabinsk ta Rasha ranar 15 ga Fabrairu, 2013. Wani dutse ya faɗo daga sararin samaniya ya fashe a sama. Babu wanda ya san zai zo, kuma cikin 'yan daƙiƙoƙi ya wuce. Duk da haka kyamarorin motoci da na gine-gine masu yawa sun ɗauke shi daga kusurwoyi daban-daban, har masana suka haɗa bidiyoyin suka lissafa hanyar da ya biyo. A watan Oktoba aka ciro wani ɓangarensa mai nauyin fiye da kilo 500 daga ƙasan tafkin Chebarkul. Abin da ya zo sau ɗaya ba sallama ya bar shaidu da yawa da suka yi daidai da juna, ya kuma bar abin taɓawa da hannu. Dabbar da aka ce tana zaune a wuri ɗaya shekara 90 ana jiranta da kyamara ba ta bar ko ɗaya daga cikin biyun ba.

Ina gawar?

Mu nan muna da dabbar ruwa da ba kasafai ake ganinta ba, wato ayu, da ke rayuwa a kogin Kwara da Binuwai. Mutum zai iya tsufa a bakin kogi bai taɓa ganinsa da rai ba, kuma labaran da ake ba da shi sun fi na Nesi ban mamaki. Amma ba mai gardamar akwai ayu. Yakan faɗa komar masunta, Sarkawa sun san inda yake kiwo, an san namansa da fatarsa da ƙashinsa, man ayu kuwa sunansa ya cika kasuwa ko da rabin abin da ake sayarwa jabu ne. Har ta kai yawan farautarsa ya sa doka ta hana kashe shi. Dabba mai rai tana ci, tana kashi, tana haihuwa, tana mutuwa, kuma a kowanne tana barin alama.

Haka ya faru da wata ƙatuwar dabbar teku mai hannuwa goma da matuƙan jiragen ruwa suka daɗe suna ba da labarinta. Tun 1857 masana suka ba ta suna, saboda gawarwakinta na fitowa gaɓa, ana kuma samun gutsattsarinta a cikin manyan kifayen teku. Hotonta da rai a cikin zurfin teku bai samu ba sai 2004, a hannun masanan Japan. Gawa ta riga hoto da kusan shekara 150. A Loch Ness an juya lamarin: hotuna tuli, gawa babu, ƙashi babu, ko haƙori ɗaya.

Ga kuma lissafi. Dabbar da ake kwatanta Nesi da ita, mai dogon wuya ta zamanin da, ta ƙare a duniya kimanin shekara miliyan 66 da suka wuce, alhali tafkin kansa ƙanƙara ce daskararriya har zuwa wajen shekara 10,000 baya. Iska take shaƙa, don haka dole ta riƙa tasowa sau da yawa kowace rana. Kuma ɗaya ba ta isa ba, sai garke mai haihuwa, garken kuwa sai abinci, ga tafkin ba shi da yalwar kifi.

An kuma leƙa cikin ruwan da abin da ya fi ido. A 1987 aka jera jirage 24 ɗauke da na'urar da ke aika sauti ƙasa ta saurari amsa-kuwwa, suka share tafkin kamar masu shara. Sun ji motsi uku da ba su iya fassarawa ba, ba su samu dodo ba. A 2018 Farfesa Neil Gemmell na jami'ar Otago a Niyu Zilan ya ɗebi ruwa sau 250 daga sassan tafkin da zurfafansa, domin kowace halitta tana zubar da ɓurɓushin jikinta a ruwan da take ciki, kuma ana iya karanta sinadarin gadonta, wato DNA, daga nan. An samu na kifaye, da na mutane, karnuka, tumaki, shanu, barewa da tsuntsaye. Na dangin kada da ƙadangare, ko ɗigo. Abin da ya yi yawa shi ne na wani kifi dogo mai siffar maciji, wanda a ido ya ɗan yi kama da gaiwa. Gemmell ya ce gwajin ba ya nuna girma, don haka bai rufe ƙofar a samu wani ƙato a cikinsu ba. Iyakar abin da ya rage wa dodon ke nan.

Sau ɗaya dai an taɓa samun Nesi a ƙasan tafkin. A 2016 wata na'urar nutso ta wani kamfanin Norwe ta hango abu mai tsawon mita 9, da wuya da kai, kwance a zurfin mita 180. Mutum-mutumi ne da aka ƙera don wani fim na Sherlock Holmes, ya nutse a 1969 ana cikin aiki.

Wa ya ɗauka, wa ya turo?

Malamanmu ba sa karɓar ruwaya sai sun san daga bakin wa ta fito, shi kuma daga wa ya ji. Bidiyo ma yana da nasa isnadi: wa ya ɗauka, a ina, yaushe, ina cikakkensa kafin a yanke, kuma me zai samu in an yarda. A 2012 wani matuƙin jirgin 'yan yawon buɗe ido a Loch Ness, George Edwards, ya fitar da hoton tozo da jaridu suka yi ta yayatawa. Shekara guda bayan haka ya amsa cewa tozon roba ne da aka ƙera don wani shirin talabijin, kuma bai nuna nadama ba, a ganinsa ya taimaki kasuwar garin. Wanda ya tona shi kuwa Steve Feltham ne, mutumin da ya bar gida da aiki tun 1991 ya tare a bakin tafkin yana jiran dodon. Shi ma Alastair Boyd da ya tona hoton likita ya yi imani ya taɓa ganin wani abu a ruwan. Waɗanda suka fi son a samu dodon su ne suka fi tsanar jabunsa.

Na tambayi ƙanena wa ya turo masa. Ya ce wani abokinsa. Shi kuma daga ina? Ya duba, ya ga alamar nan da WhatsApp ke sawa ta cewa an yi ta turawa sau da yawa. Ya mayar da wayar aljihu, ya ce, "To Yaya, in aka kawo maka wanda ya fito tar, kusa-kusa, har ana ganin idonsa da haƙoransa fa?"

Tambayar tasa ta zo a kan gaɓa, domin irin wannan bidiyon ya riga ya fara shigowa wayoyinmu. Duk abin da muka tattauna a nan ya shafi kyamarar da ta ɗauki wani abu na zahiri, ko da gungume ne ko koma. Tun daga 2024, manhajoji irin su Sora da Veo suna ƙera bidiyo daga jimlar da aka rubuta musu, ba tafki, ba kyamara, ba mai ɗauka. A babi na gaba za mu ga yadda suke yin haka, da inda har yanzu suke barin sawu.